Ciwon kumburin hanji: Yadda sauya abinci ke rage raɗaɗi

A ƙasar Gwandu da kewaye, da wuya a ɗora tukunyar miya ba tare da albasa ba. Garin Aliero, wanda ke maƙwabtaka da Gwandu, ya yi suna a duk faɗin Najeriya wajen noman albasa, kuma manyan motoci na kwasarta daga can zuwa kudancin ƙasar.

To amma ga mutanen da ke fama da ciwon kumburin hanji, wannan albasa na cikin abubuwa na farko da masana abinci ke cewa a jingine na ɗan lokaci, tare da tafarnuwa da wake da alkama da madara.

Tsarin abincin da ake kira FODMAP, wanda aka ƙirƙiro a Ostireliya, ya samu karɓuwa a asibitocin ƙasashe da dama. Ba ya warkar da ciwon. Abin da bincike ya nuna shi ne yana iya rage murɗawar ciki da iska da gudawa ga wani kaso na marasa lafiya.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci na amfani da haruffan IBD wajen ambaton wasu cututtuka biyu da garkuwar jikin mutum ke juyawa tana yaƙar hanjinsa, har ya kumbura ya yi gyambo.

Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda kan soma daga dubura ya yi sama. Alamarsa mafi bayyana ita ce gudawa da jini da majina, da yawan jin matsuwar zuwa bayan gida, har cikin dare.

Na biyu kuma shi ne cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga likitan nan na birnin New York, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa suka yi bayaninta a shekarar 1932. Ita tana iya kama kowane sashe, tun daga baki har dubura, tana kuma cin hanji ta yi zurfi, har wani lokaci ta ƙuntata shi ko ta huda shi.

Dukkansu biyun ciwo ne na tsawon rai, mai tashi ya lafa. Sun fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru, wato daidai lokacin da mutum ke karatu ko neman abin kansa. Ba a ɗaukarsu daga wani.

Wani ƙiyasi na duniya ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ciwon a shekarar 2017. Tsohon Firayim Ministan Japan, Shinzo Abe, ya yi fama da gyambon babban hanji tun yana matashi, kuma shi ne dalilin da ya bayar lokacin da ya sanar da cewa zai ajiye mulki a watan Agustan 2020.

An daɗe ana yi wa ciwon kallon na Turawa. Sai dai a shekarun baya-bayan nan an ga yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, yayin da mutane ke komawa birane, abincinsu kuma ke sauyawa.

Atuni, basur, ko wani abu dabam

A wurare irin su Gwandu da Kalgo, matsalar farko ita ce gano ciwon. Idan mutum ya ga jini a bayan gida, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne basur ko atuni, kuma sau da yawa hakan ne.

Basur dai tsohon suna ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan maganinsa tun ƙarni na 19, kamar yadda baffansa Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan abin da ke gyara addini da jiki. Amma a bakin jama'a kalmar ta zama rumbu, ana zuba mata kusan duk wani ciwo da ya shafi ƙasan ciki.

Haka mutum zai shekara yana shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kashe cuta daga kemis, yana ramewa, jininsa na ƙarewa, ba tare da wani ya leƙa hanjinsa ba.

Akwai kuma cututtukan da ke kama da IBD ƙwarai. Atunin da ƙwayar amiba ke jawowa yana kama da gyambon babban hanji. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn, har ƙwararru kan sha wuyar bambanta su. A yankin da mutane ke wuni cikin ruwan fadama suna noman shinkafa ko kamun kifi, likita zai kuma yi tunanin nau'in tsargiyar da ke kama hanji. Ga kuma sankarar babban hanji, musamman ga wanda ya manyanta.

Bambancewar na da muhimmanci, domin magungunan IBD suna danne garkuwar jiki ne. Idan aka ba mai tarin fuka ko mai amiba irin su prednisolone bisa kuskure, ciwon na iya ƙazanta har ya kai ga rasa rai.

Saboda haka ake soma wa da gwajin bayan gida da na jini, sannan a zura na'ura mai kyamara ta dubura a duba hanjin, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Wannan aiki ne na manyan asibitoci. Mutumin Gwandu ko Kalgo zai soma ne daga asibitin da ke kusa da shi, kamar babban asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, daga nan a tura shi wurin ƙwararre, wanda wani lokaci yakan kai shi har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Maganar sauya abinci tana zuwa ne bayan duk wannan.

Kumburi iri biyu

A Hausa kalmar kumburi tana ɗaukar abubuwa biyu, kuma a nan ne fahimtar tsarin FODMAP take. Akwai kumburin hanji, wato fatar cikinsa ta yi ja ta yi gyambo tana zubar da jini. Akwai kuma kumburin ciki, wato iska da ruwa su cika shi ya yi tamtsan.

Na farkon magani ne ke kwantar da shi: sulfasalazine ko mesalazine, ko prednisolone na ɗan lokaci, ko azathioprine, ko allurai masu tsada irin su infliximab.

Sai dai ko bayan magani ya yi aiki, gyambon ya warke, gwaje-gwaje sun nuna ciwon ya lafa, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan ci gaba da kukan murɗawar ciki da iska da gudawa. Hanjin da ya sha wahala yakan zama mai saurin jin zafi, abin da ba zai dami lafiyayye ba sai ya hana shi barci.

Waɗannan mutane ne tsarin abincin ya fi amfana. Haka kuma masu wata larura da ake kira IBS, wadda ta fi IBD yawa nesa ba kusa ba, inda ciki ke damun mutum alhali babu gyambo ko jini.

Mene ne FODMAP?

Farfesa Peter Gibson da Dokta Sue Shepherd, masu bincike a birnin Melbourne, su ne suka fito da kalmar a wata muƙala da suka wallafa a shekarar 2005, kuma Jami'ar Monash ce ta ci gaba da jagorantar binciken. Haruffan na wakiltar wasu nau'o'in sukari ne ƙanana, waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa sosai.

Idan suka ƙi tsotsuwa, abubuwa biyu ne ke faruwa. Suna jawo ruwa zuwa cikin hanji, abin da ke sa bayan gida ya yi ruwa. Sannan idan suka isa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can sai su far musu, su ruɓar da su cikin sauri, iska ta taru.

Duk matar da ta taɓa kwaɓa ƙullun waina ta rufe shi ya kwana ta san yadda yake tashi yana kumfa. Kusan abin da ke faruwa ke nan a cikin hanji, illa dai shi ba shi da murfin da za a ɗaga.

Nau'in farko shi ne fruktan, wanda ke cikin albasa da tafarnuwa da alkama. Ɗan'uwansa na cikin wake da dangoginsa. Babu ɗan Adam ɗin da jikinsa ke iya narkar da waɗannan biyun, shi ya sa wake ke sa kowa iska. Bambancin kawai shi ne wani ba ya jin komai, wani kuwa sai ya riƙe ciki.

Sai laktos, wato sukarin madara. Sai fruktos, wanda ya yi yawa a zuma da mangwaro da kankana da tuffa. Na ƙarshe su ne sobitol da manitol, waɗanda ake samu a wasu 'ya'yan itatuwa da kuma cingam da alewar da aka rubuta wa cewa babu sukari.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan abinci da yake guba. Yawancinsu masu amfani ne, har ma su ne abincin ƙwayoyin bakteriya masu taimakon hanji.

Abin da bincike ya nuna

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a kan masu IBD shi ne wanda masu bincike a King's College da ke London suka gudanar, aka wallafa a mujallar Gastroenterology a shekarar 2020.

An ɗauki mutane 52 waɗanda ciwonsu ya lafa amma ciki na damunsu, aka raba su gida biyu na tsawon makonni huɗu. Cikin waɗanda suka bi tsarin FODMAP, kashi 52 cikin ɗari sun ce sun samu sauƙi mai gamsarwa. A ɗaya rukunin kuwa kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka faɗi haka.

Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma yana da iyaka. Mutanen ba su da yawa, lokacin kuma gajere ne, sannan kusan rabin waɗanda suka bi tsarin ba su ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Alamomin kumburin hanjin kansa ba su sauya ba. An kuma ga raguwar wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani a hanjin waɗanda suka bi tsarin.

Wannan ne ya sa masana ba sa barin mutum ya dawwama a kai.

A kwanon mutumin Kabi

Jerin abincin da ake rabawa a asibitocin Turai ya fi magana a kan burodi da tuffa da cuku. Idan aka juyo da shi zuwa abincin Gwandu da Kalgo, sai a tarar cewa mutumin yankin ya fi Bature sa'a ta wani ɓangaren.

Shinkafa, wadda jihar Kebbi ta shahara da nomanta, kusan ba ta da irin wannan sukari. Gero da dawa da masara ma suna cikin hatsin da aka yarda da su. Ke nan tuwon shinkafa da tuwon dawa da tuwon masara, da waina da sinasir na shinkafa, da koko, duk suna nan daram. Nama da kifi da ƙwai da man gyaɗa da manja ba su da shi ko kaɗan. Gyaɗa ma an yarda da ita daidai gwargwado.

Inda gizo ke saƙar shi ne alkama, wadda ta shigo abincin yau da kullum ta ƙofofi da yawa: burodin mai shayi, taliya, taliyar yara ta leda, gurasa, fanke, cincin, alkaki. Sai wake, wanda ke cikin ƙosai da alale da ɗanwake da shinkafa da wake. Ga iyalin da nama ke yi wa tsada, wake ne namansu, don haka cire shi ba ƙaramin abu ba ne. Jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa a sake tsiyaye ruwan dahuwar, yana rage ƙarfinsa, domin sukarin na narkewa ne cikin ruwa. Ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

Albasa ce dai babbar jarrabawa. Tana cikin miya, tana cikin dafa-duka, tana kan tsire da balangu, garinta kuma na cikin wasu dunƙulen ɗanɗano na kanti. Tsame ta daga miya bayan ta dahu ba ya amfani, domin fruktan ɗin ya riga ya narke a ruwan miyar.

Amma akwai dabaru biyu da suka dace da yankin. Fruktan ba ya narkewa cikin mai. Idan aka soya manyan yankan albasa ko tafarnuwa a cikin mai zalla, aka tsame su tas kafin a zuba ruwa ko tumatir, ƙamshin zai zauna, sukarin kuma ya tafi da yankan.

Dabara ta biyu ita ce lawashi. Koren ganyen albasa ba shi da fruktan da yawa kamar kanta, kuma a ƙasar da ake noman albasa ganyen ba ya wuyar samu a lokacinsa. Citta ma na cikin kayan ƙamshin da ba a hana ba.

Barkono ba ya cikin FODMAP, haka ma maiƙo, amma dukkansu suna iya tayar da cikin wasu, don haka akan shawarci mutum ya lura da su.

A ɓangaren 'ya'yan itace, lemon zaƙi da gwanda da abarba daidai misali sun fi mangwaro da kankana sauƙi. Ayaba kuwa, wadda ba ta nuna luguf ba ta fi dacewa. Karas da kokwamba da alayyafo da dankalin Turawa duk ba su da matsala.

Fura da nono

Batun madara ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma yankin Gwandu wuri ne da wannan bambanci ke fitowa fili.

Yawancin mutanen duniya suna rasa ƙarfin narkar da laktos bayan yaye. To amma al'ummomin da suka daɗe suna kiwo sun gaji wannan ƙarfi har girma. Wani bincike da aka yi a Najeriya, aka wallafa a mujallar Lancet a shekarar 1971, ya nuna cewa akasarin Fulani makiyaya na narkar da laktos, saɓanin akasarin mutanen kudancin ƙasar da aka gwada.

A garin da Fulani da Hausawa da Zabarmawa suka daɗe suna auratayya, ana iya samun 'yan gida ɗaya, wani ya sha madara lafiya, wani ta hana shi sakat. Wanda jikinsa ke narkar da laktos ba shi da dalilin barin madara.

Nono mai tsami yana da ƙarancin laktos idan aka kwatanta da madarar da aka tatso yanzu, domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun cinye wani kaso. Man shanu kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsa. Abin da ya fi kama mutane shi ne madarar gari ko ta gwangwani da ake zubawa a shayi, sannan a haɗa da burodi, wato laktos da fruktan a zama ɗaya.

Ita fura, ko hura kamar yadda mutanen yankin ke faɗa, gero ce, ba ita ce abin zargi ba. Akan gwada dama ta da ruwa na 'yan kwanaki, sannan a dawo da nonon kaɗan-kaɗan a ga yadda ciki zai karɓa.

Matakai uku

Tsarin yana da matakai uku. A na farko ana rage dukkan abincin da ke da FODMAP mai yawa na tsawon makonni biyu zuwa shida. Idan wa'adin ya cika babu sauƙi, to ba a nan matsalar take ba, sai mutum ya koma abincinsa ya koma wurin likita.

Idan an samu sauƙi, sai a shiga mataki na biyu, wanda shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ana dawo da nau'i ɗaya a lokaci guda, na tsawon kwana uku, ana ƙara yawansa kullum. Misali, a gwada ɗan yankan albasa yau, gobe a ninka, jibi a ƙara. Sai a huta kwana biyu ko uku, sannan a gwada madara, daga baya wake, daga baya zuma. Rubuta abin da aka ci da abin da aka ji a ɗan littafi yana taimakawa, musamman ga miyar kuka ko kuɓewa ko daddawa, inda gwajin mutum a kan kansa ne zai ba shi amsa.

A mataki na uku mutum zai koma cin duk abin da cikinsa ya karɓa, ya taƙaita abin da ya tabbatar yana damunsa kawai. Mutane da yawa kan tarar abu ɗaya ko biyu ne ke wahalar da su, kuma yawa ne ke jawo matsalar. Cokali ɗaya na wake na iya wucewa lafiya, kwano guda ya kwantar da mutum.

A gidan da ake dafa tukunya ɗaya ga mutum goma ko ashirin, wannan na buƙatar haɗin kan mai girki. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebi miyar marar lafiya a ƙaramar tukunya kafin a zuba albasa.

Watan azumi

Abincin buɗa-baki na cikin waɗanda suka fi tara FODMAP a wuri guda: dabino da ƙosai da kankana da mangwaro da shayi mai madara, duk a cikin da ya wuni babu komai.

Dabino yana da fruktan, zuma kuma tana da fruktos, kuma dukkansu suna da daraja ta musamman a wurin Musulmi. A nan ma batun na yawa ne. Dabino ɗaya ko ɗan ƙaramin cokali na zuma ba ɗaya yake da cika hannu ba. Buɗe baki da kunun gero ko na shinkafa, a ɗan jinkirta kafin abinci mai nauyi, yakan fi wa hanji sauƙi.

Wanda ciwonsa ya tashi, yana gudawa yana zubar da jini, yana cikin haɗarin bushewar jiki idan ya yi azumi, musamman a zafin bazarar Kabi. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ya sha ya rama, kuma likitoci kan so a tattauna lokutan shan magani da su tun kafin watan ya kama.

Waɗanda bai kamata su gwada ba

Masu IBD da yawa dama sun rame, jininsu ya yi ƙasa, suna kuma tsoron abinci. Ƙara musu jerin hane-hane ba tare da kulawar masanin abinci ba na iya jefa su cikin tamowa. Don haka ba a so yara da mata masu ciki ko masu shayarwa, da wanda ya rame sosai, su shiga tsarin da kansu.

Ba a kuma yin sa a matsayin magani lokacin da ciwon ya tashi. Mai cutar Crohn da hanjinsa ya ƙuntata yana da nasa tsarin dabam, inda ake rage abinci mai ɓawo da tauri don kada ya toshe.

Babban haɗarin shi ne mutum ya ji sauƙi ya ajiye maganinsa, musamman da yake magungunan na da tsada kuma akasari daga aljihu ake saye. Gyambon na iya ci gaba da cin hanji a ɓoye, kuma kumburin babban hanji da ya daɗe ba a shawo kansa ba yana ƙara haɗarin sankara.

Likitoci na kuma gargaɗi kan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da leburori ke saye a kemis bayan aikin wuni, domin suna iya tayar da ciwon. Taba sigari ma na ƙazanta cutar Crohn.

Jini a bayan gida, zazzaɓi, amai, ramar da ba a san dalilinta ba, gudawar da ke tayar da mutum daga barci, ko ciwon ciki mai tsanani, duk alamomi ne da ke buƙatar a garzaya asibiti, ko da mutum yana tsakiyar bin tsarin abincin.